Wa Zai Ɗora Sabon Ma'aikaci a Kan Turba?

Turba sunan gari ne, kuma ɗaya daga mazaɓu 10 na Ƙaramar Hukumar Isa, a gabashin Jihar Sakkwato, cikin tsohuwar ƙasar Gobir. Kamar Tidibale da Gebe, ko Gatawa da Tsamaye da Unguwar Lalle a maƙwabciyarta Sabon Birni, wuri ne da idan sunansa ya fito a takardar tura ma'aikaci, wanda aka miƙa wa takardar yakan yi shiru na ɗan lokaci kafin ya ce ya gode.

A ɗauki misalin matashiyar da ta kammala karatun kiwon lafiyar al'umma a Kwalejin Sarkin Musulmi Abdurrahman da ke Gwadabawa, aka ɗauke ta aiki, aka tura ta wata cibiyar lafiya a wannan yanki. Takardar da ke hannunta ta faɗi matakin albashinta, da ranar kama aiki, da ofishin da za ta kai kanta. Ba ta faɗi motar da za ta shiga ba, ko ƙarfe nawa direbobi ke daina bin hanyar, ko gidan da za ta kwana a daren farko, ko wanda ya kamata ta fara gaisarwa a garin. Zamanta a wurin ko gudunta daga gare shi a kan waɗannan abubuwa ya rataya.

A shekarar 2025 gwamnatin Jihar Sakkwato ta sanar da cewa ma'aikatan lafiyar da ta ɗauki nauyin karatunsu za su yi aikin dole na shekara 2 a karkara, tare da ƙarin kashi 10 cikin 100 a kan albashi. Manufar tana da hujja, domin ma'aikata sun cunkushe a birnin Sakkwato, asibitocin ƙauye kuwa sun zama fayau. Sai dai doka iyakarta ta kai mutum bakin ƙofar asibiti. Zama da yin aiki da zuciya ɗaya wani abu ne dabam. Akwai mataki mai arha da ya kamata ya biyo bayan kowace takardar turi, a fannin lafiya ko ilimi ko aikin gona: a haɗa sabon ma'aikaci da wani abokin aiki da ya riga shi sanin wurin, a rubuta sunan wannan jagora a takarda, a ba shi lokacin yin jagorar, sannan a bi sawu a ga ko ya yi.

Ilimin da ba ya cikin fayil

Kowane wurin aiki yana da ilimi iri biyu. Akwai wanda ake koyarwa a aji a yi jarrabawa a kansa, kamar awon hawan jini, da rubuta tsarin darasi, da cike rajista. Akwai kuma wanda ke cikin kan mutanen wurin, ba wanda ya taɓa rubuta shi saboda kowa ya ɗauka kowa ya sani. Da Hausawa suka ce baƙo ko da ido makaho ne, irin wannan ilimi na biyu suke nufi.

A ƙasar Gobir abin daga harshe yake farawa. Ma'aikacin da ya tashi a Kano ko Zariya yana jin Hausa sarai, amma zai ɗauki kwanaki kafin kunnensa ya saba da "mi ka damun ki" da "shina tahowa", ko ya gane cewa masassarar da uwa ke faɗi ita ce zazzaɓin da ya sani. Sarauta ma haka take. Wanda Bakano ke kira hakimi, a ƙasar Sakkwato uban ƙasa ne, hakimi kuwa shi ne mai riƙe da gari a ƙarƙashinsa. Wanda ya rikita su a gaisuwar farko ba za a ce masa komai ba, amma za a riƙe abin a rai.

Daga nan sai al'ada. Uwar da ta ƙi faɗin sunan ɗanta na fari a gaban rajista ba taurin kai take yi ba, kunya ce, kuma tsohuwar ma'aikaciya ta san sai a juya a tambayi wadda ta rako ta. Mai cikin fari da ta ɓace daga awo a wata na bakwai ko na takwas, mai yiwuwa goyon ciki ta tafi gidan iyayenta a wata mazaɓar, don haka idan ana son jaririn ya sami rigakafi can za a aika saƙo. Sabon malamin firamare da ya tarar da ajinsa ya koma rabi da faɗuwar damina ko ranar kasuwa zai ɗauka shi yaran suka raina, har sai wani ya nuna masa gidajen da ake zuwa a yi magana da iyaye, da lokacin da ake samun masu gida.

A wasu wurare kuskuren baƙo kunya kawai yake jawowa. A Isa da Sabon Birni yana iya cin rai. A watan Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, har da waɗannan biyun, saboda matsalar 'yan bindiga. A watan Disambar wannan shekara aka ƙone motar fasinja da ta taso daga Sabon Birni a kusa da Gidan Bawa, mutum fiye da 20 suka mutu. A watan Yulin 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a kan hanyarsa ta komawa gida, ya kuma rasu a hannun waɗanda suka sace shi a watan Agusta. Dubban mutanen yankin sun tsallaka iyaka sun fake a jihar Maraɗi tun daga 2019. A irin wannan wuri, sanin hanyar da ake bi yau da wadda aka daina bi jiya, da abin da ba a faɗi a tasha, da abin da ba a sawa a aljihu idan za a yi tafiya, yana cikin aikin kamar yadda allura da alli suke cikinsa. Wannan ilimi yana sauyawa daga mako zuwa mako, shi ya sa ba littafin da zai ɗauke shi. Sai mutum.

Me ya sa ba shugaba ba

Wani zai ce ai wannan aikin shugaban asibiti ne ko hedimasta. A takarda haka ne. Amma shugaba shi ke rubuta rahoton da za a tabbatar da ma'aikaci da shi, kuma dokokin aikin gwamnati sun tanadi shekara 2 na gwaji kafin tabbatarwa. Mutumin da ya san ana auna shi ba zai je gaban mai awon ya ce bai iya cike takardar neman magani ba, ko ya manta yadda ake duba sanyin firijin rigakafi. Zai yi shiru, ya yi ta laluɓe, har kuskuren ya fito fili ya zama takardar tuhuma. Ga shi kuma shugaba rabin makonsa a sakatariya yake, tsakanin taro da bita da kai rahoto.

Wanda ake buƙata shi ne abokin aiki da ya girme shi a wurin da shekara 2 zuwa 5, wanda bai manta zafin baƙunta ba, kuma ba ya riƙe da alƙalamin ƙarin girmansa. A gaban irin wannan mutum ne ake iya yin tambayar da ake jin kunyarta. An ce matambayi ba ya ɓata, amma sai ya sami wanda zai tambaya ba tare da tambayar ta zama laifi ba.

Dabara ce tsohuwa

Ba daga waje za a aro wannan tsari ba. Ayarin fatake da ke zuwa Gwanja sayen goro yana da madugu mai shugabanci, yana kuma da jagaba mai shiga gaba saboda sanin hanya da mashaya da zango, kuma saurayi ba ya fara fatauci da jarinsa sai ya yi tafiye-tafiye a ƙarƙashin wanda ya riga shi. A unguwar Sabo ta Ibadan, wadda masanin zamantakewa Abner Cohen ya yi littafi a kanta a 1969, baƙon ɗan kasuwar da ya kawo shanu daga Arewa yakan sauka wurin maigida, shi ke ba shi masauki, ya haɗa shi da masu saye, ya faɗa masa wanda ake ba bashi da wanda ba a ba. A tsangaya, ba alaramma ne ke zama da kolo kullum ba. Gardi ne ke rubuta masa allo, ya biya masa, ya nuna masa yadda ake zaman makaranta.

Tarihin Musulunci ma yana da misali sananne. Bayan hijira zuwa Madina an ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin baƙi da 'yan gari, mutum da mutum, kowa da sunan ɗan'uwansa. An haɗa Abdurrahman bin Auf da Sa'ad bin Rabi'. Sa'ad ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, Abdurrahman ya yi godiya, ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa kawai. Darasin da ke ciki ga mai tsara aiki shi ne ba a bar baƙi ga alherin jama'a gaba ɗaya ba, an ɗora kowane ɗaya a wuyan wani takamaiman mutum.

Abin mamaki shi ne yadda kanikawa da teloli da masu shagon magani suka riƙe wannan dabara har yau, aikin gwamnati kuwa ya sake ta. Mai yi wa ƙasa hidima yana mako 3 a sansanin Wamakko yana fareti da sauraron lacca, sannan a miƙa masa takarda. Sabon malami ko ma'aikacin lafiya, idan ya yi sa'a, a yi masa bitar kwana biyu a babban ɗaki a birni. Abin da zai biyo baya kuwa an bar shi ga dace: wani ya faɗa hannun mutumin kirki, wani ya faɗa inda ba mai ɗaga kai ya dube shi.

Abin da gwaji ya nuna

Kamfanin Microsoft ya gwada haɗa sababbin ma'aikata da abokan jagora a wani shiri da ya shafi mutum 600, aka buga sakamakon a mujallar Harvard Business Review a 2019. Cikin waɗanda suka gana da jagoransu aƙalla sau ɗaya a kwana 90 na farko, kashi 56 cikin 100 sun ce hakan ya taimaka musu sun kama aiki da wuri. Waɗanda suka gana sau 2 zuwa 3, kashi 73. Sau 4 zuwa 8, kashi 86. Fiye da sau 8, kashi 97. Gaskiya ne cewa ra'ayin ma'aikatan aka tambaya, kuma ofishin kamfanin kwamfuta a Amurka ya yi nisa da ɗakin shan magani a Turba. Duk da haka adadin ya nuna abu guda a fili: amfanin yana cikin yawan haɗuwa, rubuta suna kaɗai ba ya tsinana komai.

Ƙasashen da suka ɗauki abin da muhimmanci lokaci suka ware masa. Tun 1989 Japan ta wajabta wa sabon malamin makaranta shekara guda ta horo a bakin aiki ƙarƙashin gogaggen malami. A Ingila, daga Satumban 2021, sabon malami yana da jagora na shekara 2, ana rage masa kashi 10 cikin 100 na darussa a shekarar farko da kashi 5 a ta biyu, gwamnati kuma tana biyan kuɗin lokacin da jagoran ke kashewa.

Najeriya ma ta taɓa matsowa kusa. A 2009 Hukumar Kula da Lafiya Matakin Farko ta Ƙasa ta ƙaddamar da shirin tura ungozomomi karkara. An tura ungozoma 2,488 zuwa cibiyoyi 652, kusan huɗu a kowace cibiya, an haɗa sababbin kammala karatu da waɗanda suka yi ritaya, an kuma ɗaure kowace cibiya huɗu da babban asibiti guda. An raba nauyin alawus tsakanin tarayya da jiha da ƙaramar hukuma, ƙaramar hukuma kuma ta ba da masauki. Jihohi da ƙananan hukumomi da yawa ba su cika nasu alkawarin ba, ungozomomi suka riƙa barin wuraren. Shirin ya bar darasi biyu: zaunar da sabuwa kusa da tsohuwa abu ne mai yiwuwa a karkarar Najeriya, kuma ba jagorar da za ta riƙe mutumin da ba shi da ɗakin kwana.

Inda abin kan lalace

Masu shakkar wannan tsari suna da hujjoji, kuma bai kamata a yi musu kunnen uwar shegu ba.

Na farko, jagora yana iya rikiɗa ya zama ubangida. A al'adar da ƙarami ke ɗaukar jakar babba, ba wuya sabon ma'aikaci ya koma ɗan aike, ana tura shi sayen kati, ana bar masa kwanan dare, ana sa ran ihsani idan albashin farko ya shigo. Maganin wannan shi ne wa'adi da iyaka. Jagora ta wata 3 zuwa 6 ce, ba ta har abada ba. Jagora ba ya sa hannu a rahoton tabbatarwa. Kuma sabon ma'aikaci yana da damar neman a sauya masa wani ba tare da ya kawo dalili ba.

Na biyu, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Wanda ya san hanyar gari shi ne kuma ya san yadda ake sa hannu a rajistar mako guda a rana ɗaya, da yadda maganin kyauta ke komawa shago. Idan aka ba irin wannan mutum sabon ma'aikaci, an gajarce masa hanyar lalacewa ne. Saboda haka ba a zaɓen jagora da tsufa a aiki kaɗai. Kwamitin ci gaban mazaɓa a fannin lafiya, da kwamitin kula da makaranta a fannin ilimi, sun fi kowane jami'in birni sanin wanda ke zuwa aiki da wanda sunansa kawai ke zuwa. A tambaye su.

Na uku, a cibiyoyi da makarantu da yawa na wannan yanki ba ma wanda za a haɗa sabon da shi, domin ma'aikaci ɗaya ne ko biyu ke riƙe da wurin. Nan ne tsarin rukuni na 2009 ke da amfani. Jagora yana iya kasancewa a cibiyar mazaɓa ko a Babban Asibitin Isa ko na Sabon Birni, ana waya kullum a makon farko, ana haɗuwa ranar karɓar rigakafi ko kai rahoto. Akwai kuma malamai da ma'aikatan lafiya 'yan asalin garuruwan da suka yi ritaya suna zaune a gida da ilimin shekara 35. Da tsohuwar zuma ake magani.

Na huɗu, amana. A yankin da ake fargabar masu kai wa 'yan bindiga rahoto, miƙa wa wani bayanin shige da ficen baƙo ba ƙaramin abu ba ne. Wannan ma dalili ne na yin abin a rubuce. Baƙon da ba a ba shi jagora ba zai nemo wa kansa, kuma wanda ya fara yi masa fara'a a tasha shi zai samu. Gara wanda hukuma ta zaɓa, uban ƙasa ya san da shi, sunansa yana fayil. Mace kuma a haɗa ta da mace duk inda hakan ya yiwu, domin iyaye da mazajen da ke hana 'ya'yansu da matansu karɓar aikin karkara, tambayarsu ta farko ita ce a hannun wa za ta zauna.

Na biyar shi ne mafi nauyi: kada gwamnati ta fake da wannan ta bar abin da ke kanta. Jagora ba ya maye gurbin albashi a kan kari, ko gidan ma'aikata, ko tsaron hanyar Marnona zuwa Isa. Wanda ya ce a gyara waɗannan tukuna bai yi kuskure ba. Sai dai gyaransu zai ɗauki shekaru da biliyoyi, sababbin ma'aikata kuwa a wannan watan ake tura su.

Yadda za a fara

Abin bai buƙatar sabuwar doka daga majalisa. Takardar umurni daga Hukumar Kula da Lafiya Matakin Farko ta jiha, da hukumar SUBEB, da Hukumar Kula da Ma'aikatan Ƙananan Hukumomi ta wadatar. A ƙara layi ɗaya a ƙasan kowace takardar turi, mai ɗauke da sunan jagora da lambar wayarsa. Jagoran ya kira sabon ma'aikacin kafin ya baro gida, ya faɗa masa ranar tafiya da motar da zai shiga. Ya tarye shi a tasha. A makon farko ya kai shi gaisuwa wurin hakimi da liman da shugaban kwamiti, ya nuna masa masauki da rijiya da kasuwa, ya zauna kusa da shi a aikinsa na farko. Daga nan su riƙa zama sau ɗaya a mako har wata 3, sannan sau ɗaya a wata har a cika 6.

Shi ma jagoran a san da wahalarsa. A rage masa wani abu na aikin mako, a ba shi kuɗin kati da na mashin, a kuma sa jagorar cikin abin da ake dubawa lokacin ƙarin girma, kada ta zama ƙarin kaya ga mutanen kirki kaɗai. Kada ya riƙe fiye da mutum biyu a lokaci guda. Bayan wata 3, sakataren ilimi ko daraktan lafiya na ƙaramar hukuma ya kira sabon ma'aikacin shi kaɗai ya yi masa tambaya biyu: sau nawa suka zauna, kuma me har yanzu bai gane ba. Bayan shekara guda a ƙirga nawa suka zauna a wuraren da aka tura su, nawa suka nemi canji, a kwatanta da shekarar da ta gabata. Idan tsarin bai yi amfani ba, adadin zai faɗa.

Masu karatun da ke riƙe da asibiti mai zaman kansa, ko makaranta, ko reshen banki, ko ƙungiyar agaji, ba sai sun jira takardar kowa ba. Suna iya farawa da mutum na gaba da za su ɗauka.

Duk ma'aikacin da ya juya daga Isa ko Sabon Birni bayan wata biyu, ya koma birni yana neman wanda zai yi masa hanyar canji, ya tafi da kuɗin da aka kashe a karatunsa, ya kuma bar mai naƙuda da ƙofa a rufe ko aji babu malami. Wasu tsoro ne ya kore su, kuma ba mai ganin laifinsu. Wasu kuwa da za su zauna, da a daren farko wani ya ƙwanƙwasa musu ƙofa da kwanon tuwo, ya ce gobe da safe zai zo su tafi tare.